Jikana a Kan Sikelin Wake

Sana'ata saye da sayar da wake da gyaɗa ce a Dogon Dutsi. Da tiya ɗaya na fara a bakin tasha, yau ina da sito manne da gidana, da sikelin ƙarfe irin mai agogo wanda ake ɗora wa buhu. Na faɗi haka ne don a san ni ba mace ba ce mai saurin ruɗewa. An kawo mini jiƙaƙƙen wake an ce busasshe ne, an zuba mini tsakuwa a gindin buhu, duk na gane tun kaya ba su sauka daga amalanke ba. Amma yaro ɗan shekara shida ya yi kwana huɗu a gidana ba ya cin abinci, ina ta neman dalili a ko'ina, ashe daga bakina abin ya fito.

Ɗana na fari karatu ya kai shi Faransa, daga can aiki ya ja shi zuwa wata ƙasa da ake ce wa Aislan, wani tsibiri mai sanyi inda yake aiki a masana'antar kifi. Can ya auri 'yar ƙasar, suka haifi namiji. Shekara shida a waya kawai nake ganin yaron, yana ɗago mini hannu yana gudu. Sai wata kaka, daidai lokacin da wake ke shigowa, uban ya kawo shi gida. Uwar ba ta zo ba, tana da tsohon ciki. Ɗana bai ɓoye mini ba cewa sai da ya yi wata da watanni yana lallashinta kafin ta yarda a raba ta da yaron. Ta ce a gwada sau ɗaya. In ya dawo mata lafiya da fara'a, za a riƙa kawo shi. In kuwa ba haka ba, to, hoto ya ishe ni.

Yaron ba ya jin Hausa, in ka cire "sannu" da "na gode". Wannan sakacin ubansa ne, na kuwa gaya masa. Yarensu yake yi, sai ɗan Ingilishin da ya tsinta a talabijin. Uwar, da yake mace ce mai tsari, ta aiko da takardu shafi shida a haɗe. A hagu kalmar Ingilishi, a dama ta yarensu. Ta ce wa mijinta ya rubuta Hausa a gefe saboda ni. Shafin farko kawai ya yi: ruwa, abinci, barci, bayan gida, ciwo. Daga nan baƙi suka fara zuwa gaisuwa, ya ajiye biro. Ni ma na jefa takardun a cikin kwalla, na ce yaro da ubansa a gida, me zan yi da su?

Kwana biyu da zuwansu na shiga da shi sito. Masu dako suna ta sauke kaya, ubansa yana tsaye a bakin ƙofa. Na ce, "Angona, zo nan in ga abin da aka kawo mini daga Turai." Na ɗauke shi cak na ɗora a kan sikeli. Allura ta ɗan motsa ta tsaya.

Na tafa hannu na ce, "Kai! Wannan ne mijin? Ko kwatan buhu bai kai ba. Wa zai sayi wannan?"

Babban mai dakona, wani dattijo da muka fi shekara ashirin tare, ya ce, "Hajiya, ki bar mini shi a tiya biyu ta gero. Ko korar kaji ya yi mini."

"Allah ya kiyaye! Sai na kiwata shi tukuna. Ya ci tuwo, ya ci ƙosai, ya sha fura. Ranar da allura ta zo nan," na ɗora yatsa a kan wani jan tabo da ke jikin gilashin, "sai in ɗinke shi a buhu in jefa a motar Kamba."

Sito ya kaure da dariya. Yaron ya dubi ubansa ya yi masa tambaya, uban kuwa yana dariya har da riƙe ciki ya fassara masa kaf, har da buhun, har da motar. Yaron ya dubi jan tabon, ya dube ni, ya sauka a hankali. Ban kawo komai a raina ba. Wane jika ne a Arewa ba a yi wa haka ba? Ni kakana cewa yake zai musanya ni da jaka mai ɗingishi, ni kuma in ce masa ai shi ko kyauta ba mai ɗauka. Jira nake yaron ya rama. Da bai rama ba, na ce kunyar baƙunta ce.

Washegari da safe uban ya kama hanyar Yamai, fasfonsa na bukatar sabuntawa. Ya ce kwana uku zai yi, kuma bai ga amfanin jan yaro cikin layin ofisoshi da zafin rana ba. Na ce ya tafi, ai ba yau na fara riƙon yara ba.

Ranar farko yaron bai taɓa abinci ba. Na ce kewar uba ce. Rana ta biyu na dafa shinkafa, na dafa taliya, na aika aka sayo burodi da kifin gwangwani da madara mai sanyi. Ya dubi kwanonin, na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya kau da kai. Ruwa kaɗai yake sha, shi ma kaɗan-kaɗan. Sai na tuna da takardun nan, na buɗe kwalla na ciro su.

Aji uku na yi a lakwal, wato firamare, ina karanta boko daidai gwargwado, Ingilishina kuwa na kasuwar Kamba ne, can tsallaken iyaka, bai wuce na ciniki ba. Amma akwai wata malama da ke haya a gidana, tana koyar da Ingilishi a makarantar sakandare, kowa Madam yake ce mata. Yarinya ce mai natsuwa, kullum cikin dogon hijabi. Na kira ta muka shimfiɗa tabarma muka baje takardun.

A nan na fara ganin wahalar abin. Kalma ɗaya a hagu, a dama sai ka ga biyu ko uku, ba wanda ya ce maka wacce ce wacce. Kamar mutum ya ce maka yana da wake, bai ce fari ne ko ja ba, bai ce na bana ne ko na bara ba. Madam ta nuna mini hot, ta ce zafi ke nan. A gabanta an rubuta heitur, an kuma rubuta sterkur, uwar ta yi ɗan zanen barkono a kusa da ta biyun. Na ce to, ga shi nan, yaji ne ya dame shi. Na nuna miya na ce, "Sterkur?" Ya girgiza kai. Duk da haka na dafa wata miyar ba ko ƙwayar tattasai. Bai ci ba. Kalmar ruwa kuma, vatn, an rubuta a gefenta cewa ita ce tafki ma. Na ce wannan bai dame ni ba, yaro ba zai ce in kawo masa tafki a kofi ba. Wasu haruffan ma ban taɓa ganinsu ba, akwai wani kamar d da aka soke da tsinke, akwai wani kamar p mai dogon wuya. Madam ta ce ita ma ba a koya mata su ba.

Na samo kalmar ci, na karanta ta yadda na gani. "Borda."

Ya ɗago kai. Karon farko ke nan da ya dube ni sosai tun tafiyar uban. Ya gyara mini, ya sa harshe tsakanin haƙora ya faɗi kalmar a hankali, borða. Na maimaita, ya sake gyarawa. Na yi murna, na turo masa kwano. Sai ya ce, "Nei." Wannan ba sai an fassara mini ba.

Na samo ta yunwa. "Svangur?"

"Nei."

Ƙarya yake yi. Na ji cikinsa yana ƙugi daga inda nake zaune.

Na buga wa uban waya na miƙa wa yaron. Ya riƙe wayar a kunne, uban yana ta magana, shi kuwa ko uffan. Da ya gaji ya miƙo mini.

"Inna, zafi ne kawai," in ji uban. "Ki ƙyale shi, yunwa za ta kawo shi. Ni kuma an ce in dawo jibi, mai sa hannu ba ya nan. Don Allah kada dai uwarsa ta ji, kin san halin da take ciki."

Na ce, "Na ji." Amma hankalina bai kwanta ba. Na riƙe yara da yawa, na san yaron da abinci ya fita ransa, na kuma san wanda ke son abinci yana hana kansa. Wannan na biyun ne, abin da ban sani ba shi ne dalili.

Rana ta uku na kai shi likita. Aka ɗebi jini, ba zazzaɓin sauro, ba komai. Likitan ya duba idonsa da harshensa ya ce in bai ci ba nan da kwana biyu, a dawo da shi a ƙara masa ruwa. A hanyar dawowa ina riƙe da hannunsa, na ji yadda yake jan ƙafa. Na hango kaina ina riƙe da waya, ina nuna wa wata mata mai tsohon ciki ɗanta da allura a hannu. Na san daga ranar ba zan sake ganinsa ba sai a hoto, kuma ba zan ga laifinta ba.

Muna isa gida na tarar da yayata ta zo daga Matankari, labari ya kai mata. Ta zauna ta ƙura wa yaron ido, ta ce, "Wanga yaro ba ciwon likita gare shi ba. An kawo baƙon jini cikin gida ba a gaya ma masu gida ba. Ke kin san tsamiyar bayan sitonki ba kango ba ce. A samo turare, a yanka jan zakara, gobe shina cin tuwo."

Madam tana wanke kwano a gefe, ta ce, "Subhanallahi, Inna. Zakara kuma? In ma wani abu ne, ai sai a yi masa tofi da addu'a."

"Ke ɗiyar bana, mi kika sani? Lokacin da munka yi ta fama da su, ubanki ko wando bai iya ɗaurewa ba."

"Ni dai shirka ce ba na so a yi a gabana."

"To rufe idonki, ai ga hijabi nan ya ishe ki har ƙafa."

Na ce su duka su saurara. Addu'a ina yi tun shekaranjiya, ba wanda ya riga ni. Hayaƙi kuwa ba za a turara wa ɗan mutane ba, yaron da ko me ake yi bai sani ba, a ƙara masa tsoro a kan tsoro. Da na faɗi kalmar tsoro sai na ji ta tsaya mini a rai. Na lura tun tafiyar uban bai sake taka ƙofar sito ba. In mota ta tsaya lodi, sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Na ɗauka ƙarar injin ce ba ya so.

Rana ta huɗu da azahar masu dako suka tafi salla da cin abinci. Ni ina can ƙuryar sito bayan tarin buhuna, ina soka musu ƙarfen nan da muke zaro wake da shi don duba ƙwari. Sai na ji motsi. Na leƙa ta tsakanin buhu biyu. Yaron ne, ya shigo yana sanɗa, yana waige. Ya je gaban sikeli ya tsaya. Ya cire takalmansa ya ajiye a gefe. Ya cire hular da uwarsa ta ce kada ya rabu da ita saboda rana. Ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar motar roba, ita ma ya ajiye. Sannan ya hau. Ya jira allura ta tsaya, ya sa yatsu biyu a jikin gilashin, ɗaya a kan allura ɗaya a kan jan tabon, yana auna tazarar da ke tsakani.

Shekara talatin ina kallon mutane a gaban sikeli. Duk wanda ya zo, so yake kayansa su yi nauyi. Wani ya yayyafa ruwa, wani ya ɗora ƙafa a gefe yana kallon sama. Ban taɓa ganin wanda ya rage wa kansa kaya kafin ya hau ba, sai ranar. Ƙarfen da ke hannuna ya faɗi. Ya ji ƙarar, ya diro, ya bar takalman a nan ya ruga cikin gida.

Na zauna a kan buhu. Ni na ce sai ya ci ya yi nauyi zan sayar da shi. Ubansa ya fassara masa yana dariya, washegari kuma ya tafi ya bar shi a hannuna. Yaro ya yi lissafinsa daidai: in bai ci ba, allura ba za ta kai ba.

Na aika a kira Madam daga makaranta. Na ce ta nemo mini kalmar sayarwa. Tana shafi na biyar, selja. Muka same shi a ɗaki a zaune bakin gado, jakarsa a goye. Na durƙusa a gabansa, ina so in ce ba za a sayar da shi ba, amma da wautata sai na fara da kalmar ita kaɗai. "Selja," na ce.

Ihun da ya yi har yau yana kunnena. Ya shige ƙarƙashin gado yana faɗin abu ɗaya, yana maimaitawa. "Ekki selja mig! Ekki selja mig!" Madam tana bin takarda da yatsa. Ta ce, "Hajiya, ekki ita ce kada. Cewa yake kada a sayar da shi."

Na kwanta rub da ciki a ƙasa, ni da girmana, na sa kai ƙarƙashin gado. "Ekki selja," na ce. "Ekki, ekki. Madam, ina kalmar wasa?"

"Guda uku ne, Hajiya. Grín, da brandari, da spaug. Ga wata kuma ta tsokana, stríða. Ban san wacce ta dace ba."

"Kawo su duka."

Na jera masa su ɗaya bayan ɗaya, yadda nake jera wa mai saye samfur ya zaɓa. A kan grín na ga ya ɗan tsagaita kuka, sai na riƙe ta. "Grín. Amma grín." Amma ita ce kaka a yarensu, da ita yake kirana tun a waya. Ya dube ni ta cikin duhun ƙarƙashin gadon, na ga ya fahimta, na kuma ga bai yarda ba.

Na buga wa uban na gaya masa komai. Ya ce, "Innalillahi. Ba shi wayar." Na tura wayar ƙarƙashin gado. Uban ya daɗe yana magana. A ƙarshe yaron ya ba shi amsa, gajeriya, ya turo wayar waje.

"Me ya ce?"

"Inna, cewa ya yi ai dole mu ce wasa ne, don ya ci."

Duk da halin da nake ciki sai da na ji wani abu kamar alfahari. Jinina ne. Ni ma in mutum ya taɓa cewa zai cuce ni, sannan ya dawo ya ce wasa yake, ba bakinsa zan duba ba. Sai ya ajiye mini wani abu a hannu. Kalmomin nan sun kai ni inda za su iya kai ni, sun gaya mini ciwon, sun gaya masa niyyata. Saura abin da zai riƙe.

Na tashi na karkaɗe zanena. Na ce wa Madam ta gaya masa da Ingilishi ya zo taga kawai ya kalla, ba wanda zai taɓa shi. Na fita na kira masu dako, na sa suka tura sikelin cikin ƙaramin ɗakin da nake ajiye buhunan banza. Na rufe ƙofar, na ɗana babban kwaɗo. Makullansa biyu ne. Na ɗaga su sama yadda zai gani daga taga, na zura su a igiya, na dawo na ajiye a bakin gado. Madam ta samo kalmar makulli, lykill. Na ce, "Lykill," na nuna shi, na ja da baya har bakin ƙofa.

Ya daɗe kafin ya fito. Ya ɗauki igiyar ya rataya a wuya. Ya wuce ni, ya tafi har ƙofar ɗakin, ya ja kwaɗon da hannu biyu, ya sake ja. Ya zagaya baya ya duba ko akwai wata ƙofar. Babban mai dakona ya buɗe baki zai yi magana, na harare shi ya rufe.

Na dama kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa, don cikin da ya kwana huɗu ba a fara masa da tuwo. Na ajiye kofin a kan tabarma, na juya baya ina tsintar wake kamar ban damu ba. Na ji ƙarar cokali. Na ji ta biyu. Ban waiga ba sai da na ji yana kankare gindin kofin. Yayata tana zaune a gindin bango, ta ce, "To, alhamdu lillahi. Amma da an yanka zakaran, da yanzu romo shika sha." Madam ta yi dariya har ta yi tuntuɓe da buta. Ni kuwa na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mijina, na wanke fuska na fito na ɗora shinkafa.

Washegari Juma'a ce, ranar kasuwa, ranar da manoma ke shigowa da kaya daga Gecheme da ƙauyukan gefen Tibiri. Ni kuwa ba sikeli. Mai dakona ya ce, "Hajiya, a lallaɓa a karɓo makullin nan mana, ko na awa biyu. Ko a ɓalle kwaɗon a sa wani irinsa, ina zai gane?"

Na ce, "Wanda ya taɓa kwaɗon nan ya nemi wata uwar ɗakin."

Na fito da tiya na zauna a kan kujera 'yar tsugune, na koma awo irin na farkon sana'ata. Buhu ɗaya sai ya ci lokacin da goma ke ci. Layi ya yi tsawo, wasu suka gaji suka juya amalankensu zuwa siton maƙwabcina, shi kuwa yana ɗago mini hannu yana murmushi. Wani manomi da muka saba ya ce, "Hajiya, sikelin ya lalace ne?"

"Maigida ya kulle shi."

"Wane maigidan kuma? Kin yi aure ba mu ji ba?"

"Ga shi can a bakin ƙofa yana cin ƙosai."

Yana zaune kuwa, makulli a wuya, takardar ƙosai a cinya, mai har gwiwar hannu. Duk tiyar da na zuba sai na ɗaga kai na dube shi. Bayana ya yi ciwo kwana uku bayan wannan, ban taɓa jin daɗin ciwon baya irin na ranar ba.

Sai ranar Lahadi ya buɗe ɗakin da kansa, bayan ya ga an kawo wasu buhuna manya ana ta fama. Ya tsaya nesa, makulli a hannu, har aka gama, ya sa aka mayar da sikelin ya kulle. Haka muka yi har ya tafi. Kullum da safe sai in je in yi sallama in ce, "Lykill?" shi kuma ya ga dama ya ba da, ya ga dama ya ce sai ya gama shan kunu. Bai sake hawa sikelin ba, ni ma ban sake tsokanarsa ba. Wasan kaka da jika bai koye shi ba a wannan zuwan. Kalmomi dai mun yi musaya. Ya koyi ƙosai da jaki da "bari", ni kuma na cika gefen shafi huɗu da Hausa da hannuna, wasu daidai, wasu Allah kaɗai ya san abin da na rubuta.

Da uban ya dawo ya rungume ɗansa ya daɗe bai sake shi ba. Bayan sun natsu ya same ni a tsakar gida ya ce, "Inna, tunda abin ya wuce, ba sai uwarsa ta sani ba."

Na ce, "Yaro mai baki za ka mayar mata. In buhu na da matsala, ni nake faɗa tun ba a ɗora shi a mota ba, ba na jira a kwance shi a can a kira ni. Buga mata."

Ya yi ta kame-kame, na ce ya buga. Na riga na sa yaron ya koya mini kalmar neman gafara, doguwa ce mai wuyar faɗa, kwana biyu ina maimaita ta a madafa. Fuskarta ta fito a waya, ta yi nauyi, tana zaune da matashi a baya. Na ce, "Fyrirgefðu." Ta ɗaga gira. Sai na ba da labarin tun daga farko, ɗana yana fassarawa. Inda na ji yana gajartawa sai in ce ya koma ya faɗa duka, har da dariyar da shi ya yi, har da kwana huɗun, har da likita.

Ta sa hannu ta rufe baki. Ta yi magana mai zafi, wannan da mijinta take, ban nemi fassara ba, na ga fuskarsa ta isa shaida. Sannan ta ce a ba ta ɗanta. Ya zo da guntun rake a hannu, yana tauna yana ba ta labari da sauri, yana ɗaga mata igiyar wuyansa. Ta yi masa tambayoyi, yana amsawa yana tofar da ɓawo. Na tsaya a gefe ina jiran hukunci.

Ta ce a dawo mata da ni. Ta share ido, ta dube ni ta daɗe, ta yi magana a hankali.

"Me ta ce?"

"Ta ce ta ji zafin abin, ba za ta ɓoye miki ba. Amma ta gode da kika faɗa mata da bakinki." Ya saurara, ta ƙara wani abu. "Ta ce baɗi ba za ta ba ni shi ni kaɗai ba, tunda ba ni da hankali. In ta sauka lafiya, jaririn ya yi ƙwari, da ita za a zo, mu huɗu."

Na ce ya gaya mata Allah ya sauke ta lafiya. Da aka kashe wayar na zauna na sha ruwa kofi biyu. Sannan na aika a kira mini magini, don ɗakin gabas ne kaɗai zai ɗauke su, rufinsa kuwa yana yoyo tun daminar bara.